Baƙo da Jakarsa a Duwatsun Cévennes: Nazarin Littafin Stevenson

A ranar 22 ga Satumba 1878, Robert Louis Stevenson, marubuci ɗan ƙasar Sikotilan mai shekara 27, ya tashi daga garin Le Monastier a kudancin Faransa. Ya yi kwana 12 yana tafiya a ƙasa, kimanin kilomita 200, har ya sauka Saint-Jean-du-Gard. Abokiyar tafiyarsa jaka ce mace, Modestine, wadda ya saya tamma 65 na kuɗin Faransa. Labarin wannan tafiya ya fito a 1879 cikin littafin da masu karatun Faransanci suka sani da Voyage avec un âne dans les Cévennes.

Ana yawan yabon littafin a matsayin ɗaya daga cikin na farko da suka mai da kwanan daji abin shaƙatawa. Yabon yana da tushe. Stevenson ya sa an ɗinka masa buhun barci, bayansa tamfal, cikinsa fatar tumaki, kuma babin da ya kwana ƙarƙashin itatuwa a dutsen Lozère yana cikin mafi daɗin abin da ya rubuta. Da gari ya waye sai ya zuba tsabar kuɗi a kan ciyawa, wai kuɗin masauki. Amma darajar littafin ta fi fitowa a wuraren da ƙauye ya ƙi zama abin kallo.

Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido. Wani dare, a ƙauyukan Fouzilhic da Fouzilhac, hanya ta ɓace wa marubucin cikin ruwan sama. Ƴan mata biyu suka yi masa ba'a, wani magidanci kuma ya ƙi fitowa ya nuna masa hanya. Stevenson ya zarge shi da rowa da tsoro. Sai dai ya kawo maganar mutumin yadda take, har mai karatu na iya ba shi gaskiya: me zai sa manomi ya bar iyalinsa cikin duhu saboda baƙon da ba wanda ya san abin da ya kawo shi? A daren nan abincin matafiyin naman gwangwani ne da cakulan, guzurin birni a tsakiyar karkara.

Haka batun itacen da Faransawa ke kira châtaignier. Stevenson ya siffanta kyansa a kwarin kogin Tarn, ya kwana a gindinsa yana fargabar kada masu gona su gan shi. Ga mutanen wurin kuwa ƴaƴan itacen su ne hatsinsu, su ne abin da ke kai su ƙarshen hunturu. A shekarun nan ciwon tsutsar siliki ya riga ya karya sana'ar yankin, matasa na barin tsaunuka zuwa birane. Littafin bai tsaya kan wannan ba. Hankalin marubucin ya fi karkata ga yaƙin Camisards, ƴan Furotesta da suka yi wa sarkin Faransa tawaye a 1702. Tarihin matattu ya fi jan sa fiye da talaucin masu rai, kuma nan ne babban rauninsa.

Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram, wanda ya san jaki da ɗaukar ruwa da itace, zai lura da wani abu. Stevenson bai iya ɗaurin kaya ba, sai ya huce a kan dabbar. Ya yi ta tsira mata sanda mai allura a baki har jini ya fito, kuma bai ɓoye ba. Da ya sayar da ita a ƙarshen tafiya, ya ce ya yi kuka.

Yau hanyar ta zama GR 70, masu yawon buɗe ido na bin ta da jakunan haya, kuma fim ɗin Antoinette dans les Cévennes na 2020 ya ƙara mata farin jini. An gaji shimfiɗar ƙasa da jakar, an bar ƙofar da aka ƙi buɗewa a Fouzilhac. Wanda zai kafa tanti a ƙauyen wasu, wannan babin ya kamata ya fara karantawa.