Saniyar Wa Ce? Gwanintar Alƙalin Fada a Maruwa

Saki numfashi ɗaya ya ishe shi. Aikin yana baya: gado da katifa, kwallaye, keken ɗinki, buhunan masakwa, da saniyar da ta haihu sau huɗu a garken miji. A Maruwa da Garwa da ke arewacin Kamaru, Musulmi da yawa ba sa fara kai wannan rigima kotun gwamnati. Fadar lamiɗo suke nufa, gaban alƙali, kujerar da aka gada tun zamanin da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu.

Abin da ke burge ni ga gwanin alƙali shi ne ba ya fara da tambayar wa ya fi laifi. Sai ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya, ya gano sunan da kowanne ya shigo gidan da shi: sadaki ne, kyauta ce, aro ne, ko bashi? "Baiwar Allah, ranar da ya miƙa miki keken nan, me ya ce?" Amsar nan kaɗai kan raba gardamar shekara goma. In saniyar sadaki ce, to ita da 'ya'yanta duk na matar ne, ko da mijin ne ya yi ta kiwonsu rani da damina. In kuɗin adashinta ne ta ba shi ya ƙara jari, alƙali zai nemi wanda ya ji an ambaci biya. A mazhabar Malikiyya, shaida ɗaya da rantsuwar mai ƙara sun isa a kan dukiya, kuma wannan ya sha ceton matan da ba su taɓa riƙe takarda ba.

Inda shaida ta ɓace, nan sanin gari ke aiki. Littattafan da alƙalan ƙasar nan suka taso a kansu, Muhtasar na Halilu da Tuhfa ta Ibn Asim, sun ce kayan da aka san na mata ne a bar wa matar bayan ta rantse, na maza kuwa ko na kowa da kowa a bar wa mijin bisa rantsuwarsa. Amma littafi bai san firij ba. Alƙali ne zai san ko a unguwar nan iyayen amarya ke sayensa cikin kayan ɗaki ko ango ke kawowa. Malamin da bai taɓa leƙa yadda ake jere ba, zai iya zaluntar mace da littafi buɗe a gabansa.

Hul'i ya fi duka wuya. Mace ta ce ta gaji, za ta mayar da sadaki ta fanshi kanta. Mai gaggawa sai ya ƙirga sefa ya sallame su. Gwani kan dakata ya binciki maƙwabta, domin akwai mazan da ke ƙuntata wa mace da gangan don ita ta nemi fita, su karɓe abin da suka bayar. In cutarwa ta tabbata, abin da ta biya yana dawo mata. Mai ciki kuma ciyarwarta tana wuyan mijin har ta sauka.

Duk da haka, alƙali ya san maganarsa a yau sulhu ce. Wanda bai gamsu ba yana iya tafiya kotunan gargajiya na gwamnati, waɗanda dokar 1969 ta tsara, inda masana al'ada ke zama kusa da shugaban kotu. Dokar 1981 kuma ta ba kotu damar tilasta mayar da dukiyar aure, duka ko wani ɓangare, a kan wanda ya karɓa in da hannunsa a mutuwar auren. Can sai jeka-ka-dawo, da takardu cikin Faransanci. Shi ya sa alƙali ke kiran waliyyai su zauna, ya sa kowa ya faɗi da bakinsa abin da ya amince da shi, kafin a turo amalanke ta kwashi kayan.