Sharhi: Me Ya Ceci Abu a "Wa Zai Auri Jahila?"

A cikin wannan littafi na Balaraba Ramat Yakubu (1990), an cire Abu daga makaranta tana ƙarama, Amadu ya ƙi aurenta don rashin iliminta, aka aurar da ita ga dattijo Sarkin Noma. Da tura ta kai bango, ta gudu Kano.

To, a nan haɗarin yake. Yarinyar da ta baro gida ba ko sisi, tasha da gidan magajiya sun fi kusa da ita. Abin da ya tsare Abu shi ne mace guda cikin danginta da ta karɓe ta, har ta samu komawa karatu. Marubuciyar ta yi gaskiya: yaron da ke bakin rami, hannu yake buƙata kafin wa'azi.

Sai dai yara nawa ke da irin wannan dangi? Littafin bai amsa ba. Jan aiki ke nan gare mu, 'yan'uwa marubuta. Mu rubuta labarin 'yar talla da ɗan daba waɗanda ba su da kowa, mu nuna abin da malami, maƙwabci ko mai unguwa zai iya yi kafin bakin alƙalami ya bushe.