Masu Dafa Almakashi

Duk yadda aka iza wuta, ruwan da ke cikin buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100 a ma'aunin Salshiyas. Ƙarin itace sai dai ya sa ya ƙafe da wuri. A kan tudu irin na Jos ma tun bai kai ɗarin ba yake tafasa. Mai dafa shinkafa ba ruwanta da wannan lissafi. Amma wanda zai miƙa wa likita almakashin da za a shiga cikin mutum da shi, dole abin ya dame shi, domin akwai ƙwayoyin cutar da tafasa ba ta kashewa.

A 1876 Ferdinand Cohn, wani masanin tsirrai Bajamushe, ya nuna cewa wasu bakteriya in sun ji wuya sukan dunƙule, su bushe, su lulluɓe kansu da ɓawo mai tauri, su kwanta shekara da shekaru suna jiran ranar da za su samu danshi da abinci. Ƙwayar tetanus mai sarƙe haƙora tana cikinsu, haka ta antiraks mai kashe dabbobi. Wasu daga cikin masu ɓawon nan sai su yi sa'o'i cikin tafasasshen ruwa su fito da ransu.

Maganinsu, in aka bi asali, daga wajen girki ya fito. A 1679 Denis Papin, Bafaranshen da ke aiki a Landan tare da Robert Boyle, ya ƙera tukunyar ƙarfe mai murfin da ake ɗaurewa tamau, tururi ba ya samun hanyar fita. Matsi ya taru a ciki ya hana ruwa tafasa a inda ya saba, zafi ya yi ta hawa har ƙashi ya yi laushi. Don kada ta fashe masa, ya yi mata 'yar ƙofa da aka danne da nauyi, wadda ke ɗagawa ta saki tururi in matsi ya wuce kima. Shi romo yake nema daga ƙashi. Shekara 200 cif bayan haka, a 1879, Charles Chamberland, mataimakin Louis Pasteur a Paris, ya juya dabarar kan ƙwayoyin cuta. Ita ce na'urar da ma'aikatan asibiti ke kira otokilef.

Lambobinta duk wanda ya yi aikin ya haddace su: digiri 121 na minti 15, ko 134 na minti 3. In kuwa da busasshen zafi na tanda za a yi, sai an kai digiri 160, a kuma jira awa 2. Me ya kawo wannan rata? Duk wadda ta taɓa buɗe madambaci da gaggawa ta san yadda tururi ke cin hannu. Kafin tafasasshen ruwa ya zama tururi, yana shan zafin da ya ninka fiye da sau biyar wanda aka kashe wajen ɗauko shi daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Zafin nan yana nan ƙunshe a jikin tururin. Da zarar ya taɓa ƙarfe mai sanyi sai ya koma ruwa, ya juye kayansa gaba ɗaya a wurin. Komawarsa ruwa kuma tsukewa ce ta ɗaruruwan ninki, sai sabon tururi ya biyo baya ya cike gurbin. Da haka yake kutsawa cikin ƙunshin tawul, ninki bayan ninki, har tsakiya. Ga kuma danshi, wanda ke sa furotin ɗin ƙwayar cuta ya daskare ya lalace nan da nan.

Likitocin tiyata ba su daɗe ba suka ga amfanin abin. A Berlin, Ernst von Bergmann ya fara turara kayan ɗaurin rauni a 1886, mataimakinsa Curt Schimmelbusch kuma ya ƙera gwangwanin ƙarfe mai ramuka a gefe, a buɗe su tururi ya shiga, a rufe su in an gama. Durom ɗin auduga da har yau ake gani a asibitoci da dama jikansa ne.

Sai dai kunna na'ura kowa ma ya iya. Inda gwani ke rabuwa da ɗan koyo shi ne wajen korar iska. Iska ta fi tururi nauyi, ba ta kuma isar da zafi, don haka takan lafe a ƙasan tukunya, a cikin kwanon da aka ajiye bakinsa sama, a cikin siririn bututu, a tsakiyar ƙunshin da aka matse da yawa. Duk inda ta lafe tururi ba ya taɓa ƙarfe, wurin ya zama tandar busasshen zafi mai rauni, wadda minti 15 ba ya mata komai. Abin da ya fi muni, agogon matsi ba ya bambance matsin iska da na tururi. Allurarsa za ta nuna komai ya cika alhali zafi bai kai ba. Shi ya sa ake dasa ma'aunin zafi a magudanar ƙasa, inda ya fi ko'ina sanyi, kuma ba a fara ƙirga lokaci sai can ya kai. Manyan na'urorin zamani suna zuƙe iskar da famfo, su tura tururi, su sake zuƙewa, sau da yawa, kafin ainihin dahuwar ta fara.

Tun kafin a kai ga na'ura ma rabin aikin ya wuce. Abin da ba a wanke ba, ba ya tsarkaka. Busasshen jini a mahaɗin hantsaki ɗaki ne ga ƙwayar cuta, tururi sai ya gasa samansa ya bar na ciki. Saboda haka ma'aikacin sashen tsarkake kayan asibiti ba ya barin jini ya bushe a kan kaya, ba ya kuma fara wanki da ruwan zafi, domin zafi daskarar da jini yake yi ya manne shi. Da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu na musamman yake farawa, ya bi haƙoran kowane ƙarfe da buroshi, ya zura siririn buroshi cikin kowane bututu, ya ɗauraye, ya busar, ya duba a ƙarƙashin fitila. Ya gwada kaifin almakashi. Ya bar bakinsa a buɗe, don in a rufe yake tururi ba zai shiga tsakanin ƙarafan biyu ba. Ya kishingiɗar da kwanuka a gefensu, ya jera ƙunshin tufafi a tsaye da 'yar tazara, masu nauyi a ƙasa. Ɗakin ma hanya ɗaya gare shi: kaya na shiga ta ɓangaren datti, su fita ta ɓangaren tsabta, ba a komawa baya. In an buɗe ƙofa aka tarar da ƙunshi a jiƙe, ya tashi daga aiki, ko da lambobi sun yi daidai, domin danshi hanya ce da ƙwayoyin waje za su bi su ratsa mayafin.

Abin da ya fi burge ni a sana'ar nan shi ne mai yin ta ba ya taɓa ganin sakamakon aikinsa. Tela na ganin ɗinki, magini na ganin bango. Shi kuwa almakashin da ya tsarkaka da wanda bai tsarkaka ba duk ƙyalli ɗaya suke yi. Saboda haka aka gina aikin kacokan a kan rashin yarda da na'ura. Akwai tef mai layuka da ke baƙi in ya sha tururi, amma gwani ya san iyakar shaidarsa: ƙunshin ya shiga na'ura, ke nan. A 1963 wasu mutum biyu a Edinbura, Bowie da Dick, suka fito da gwajin da har yau ke ɗauke da sunansu. A jera tawul a ninke, a sa takarda mai tef a gicciye a tsakiya, a dafa shi kaɗai. In layukan sun yi baƙi bai ɗaya, iska ta fita. In tsakiya ta yi fari-fari, akwai iska a maƙale, na'urar ba ta aiki ranar sai an gyara ta. Da wannan gwaji ake buɗe aikin safe. Sannan ga babban alƙali: 'yar kwalba ɗauke da masu ɓawo na wata bakteriya mai tsananin jure zafi, wadda ba ta cutar da mutum. A sa ta inda tururi ya fi wahalar kaiwa, bayan an gama a ajiye ta a ɗumin da take so a ga ko za ta farfaɗo. Ma'aunin da masana'antu ke bi shi ne kada yiwuwar samun ƙwaya mai rai a kan kaya ta wuce ɗaya cikin miliyan.

A ƙaramin asibitin karkara, inda otokilef ɗin 'yar tukunya ce a kan gas ko risho, famfo da kwamfuta duk suna kan ma'aikaciya. Ita za ta bar ƙofar tururi a buɗe har ya fito a miƙe ba ya tari, alamar iska ta ƙare, sannan ta rufe. In na lantarki ne aka ɗauke wuta a minti na goma sha biyu, ba ta cike ukun da suka rage in an kawo. Daga farko take sakewa, ko da likita na tsaye yana jira.

Wanda ke ganin wannan tsanani ya yi yawa, ya dubi abin da ya faru a Ingila a 1972. Marasa lafiya biyar suka rasu a asibitin Devonport da ke Plymouth bayan an yi musu ƙarin ruwa. Binciken gwamnati ya bi sawun kwalaben har masana'antar da ta yi su, ya gano iska ce ta maƙale a cikin otokilef, kwalaben da ke layin ƙasa ba su samu zafin da ya kamata ba. Ma'aunin zafi ya nuna haka a ranar. Amma an saba ɗaukarsa a matsayin mai matsala, sai aka gaskata agogon matsi.

Maganar ƙarin ruwa ta kai mu ga ɗaya rabin sana'ar, wato ruwan da za a zuba a jijiya. Chamberland ɗin nan dai, a 1884, ya ƙera matata ta tangaran mai siffar kyandir, wadda ƙofofinta suka fi bakteriya ƙanƙanta. Ta yi aiki sosai, har iyakarta ma ta zama ilimi: a 1892 Dmitri Ivanovsky na Rasha ya ga abin da ke sa wa ganyen taba cuta yana ratsa ta ya wuce, daga nan aka kama hanyar gano bairos.

Amma akwai wata matsalar da tacewa da dafawa duk suka kasa. A farkon ƙarni na 20, sau da yawa in an yi wa mutum allura ta jijiya sai ya kama rawar ɗari da zazzaɓi, alhali ruwan da aka haɗa maganin da shi daga tururi aka tattaro shi, aka kuma dafa shi. Aka yi ta ɗora laifin a kan magungunan. Wadda ta warware ƙullin ita ce Florence Seibert, 'yar Amurka da shan inna ta taɓa tun tana ƙarama, lokacin da take karatun digirin digirgir a Jami'ar Yale, wanda ta kammala a 1923. Ta nuna cewa bakteriya kan bar wani dafi a cikin ruwa, kuma dafin ba ya mutuwa da mutuwarsu. Yau an san daga ɓawon jikinsu yake, zafin otokilef kuma ba ya karya shi. To yaya yake tsallakawa, tunda ba ya tashi da tururi? Seibert ta lura cewa in ruwa na ɓararraka, ƙananan feshi na bin tururin su faɗa ɗaya ɓangaren da dattinsu. Sai ta sa tarko a wuyan na'urar tattaro ruwan daga tururi, feshin ya buge shi ya koma, tururi zalla ya wuce. Gyaran ɗan ƙarami ne, amma da shi ƙarin ruwa da ƙarin jini suka samu aminci. Ita ce kuma daga baya ta tace sinadarin da ake gwajin tarin fuka da shi a fata.

Tun daga lokacin aka raba tambaya biyu: shin akwai mai rai a ciki, kuma shin akwai dafi? An daɗe ana amsa ta biyun da zomaye, a yi musu allurar ruwan a auna zafin jikinsu. A shekarun 1960 Frederik Bang da Jack Levin suka gano jinin wata halittar teku mai siffar kofaton doki yana daskarewa da ya haɗu da dafin, ya zama gwajin da ake yi a cikin kwalba. Kwalaben magani kuwa, in ana so a ƙone dafin da ke jikinsu, sai busasshen zafi na digiri 250 na rabin awa.

Yanzu akwai matatun leda masu siraran ƙofofi da ake tura ruwa ta cikinsu da matsi, irin waɗanda ke bayan kowane ɗakin wankin ƙoda, inda a zama ɗaya na awa huɗu kusan lita 120 ke gilmawa kusa da jinin majinyaci. Turai ba ta amince a yi ruwan allura da irin wannan hanya ba sai a 2017, kafin nan sai ta tururi kawai. Ko ta wace hanya aka samo shi, tsabtataccen ruwa ba ya son zama. Da ya kwanta, bakteriya sun fara gina yauƙi a bangon bututu. Don haka masu kula da shi a masana'antar magani ke barinsa yana zagaye dare da rana cikin bututun ƙarfe mara tsatsa, yawanci da zafin da ya haura digiri 70. Suna karkata kowane bututu kaɗan don ya tsiyaye tas in an buɗe, suna goge mahaɗar walda ta ciki sumul, suna kuma yanke duk wani reshe mai toshewar ƙarshe inda ruwa zai iya tsayawa, ko da tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba.