Wa Ke Jiran Wani? Sharhi Kan Hoton Bidiyo a Dandalin Wasan Kwaikwayo

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce duba wata al'ada da ta zama ruwan dare a manyan gidajen wasan kwaikwayo, wato haska hoton bidiyo a dandali ta hanyar manhajar kwamfuta alhali 'yan wasa suna tsakiyar wasa. A ganinmu, ba kyan hoto ne ma'aunin wannan aiki ba. Ma'auninsa shi ne, tsakanin ɗan wasa da na'ura, wa ke jiran wani?

2.0 Asalin Al'amarin

Gwama majigi da wasan dandali ba baƙon abu ba ne. Erwin Piscator ya yi haka a Berlin a 1927 cikin wani wasa na Ernst Toller. Haka kuma Alfréd Radok da Josef Svoboda sun nuna Laterna Magika a bajekolin duniya na Brussels a 1958. Sai dai majigi bai san jira ba. Da zarar an kunna shi, hotuna 24 yake ja a kowace daƙiƙa, tilas ɗan wasa ya auna takunsa da furucinsa a kan haka.

3.0 Gudummawar Manhaja

Manhaja irin QLab, wadda kamfanin Figure 53 na birnin Baltimore a Amurka ya ƙirƙiro, ta sassauta wannan ƙangi. Akan yanka bidiyon gunduwa-gunduwa, a jera bisa tsarin wasan, kowace da lambarta. Mai kula da dandali yana bin rubutun wasan. In ɗan wasa ya iso kalmar da aka yi wa alama, sai a danna maɓalli guda, hoton ya fito. Ke nan in 'yan kallo sun tsawaita dariya, ɗan wasa na iya saurara musu, hoto kuwa ya dakata.

Amma nan ne gizo ke saƙa. Maɓallin yana da iko da farawar gunduwa ne, ba da abin da ke cikinta ba. In gunduwa ta yi tsawo, an koma gidan jiya.

Alal misali, a wasan The Picture of Dorian Gray da Kip Williams ya shirya a Sydney a 2020, wanda Sarah Snook ta sake yi a Landan a 2024, mace guda ce ke fitowa a matsayin mutum 26, tana zance da hotunan kanta da aka riga aka ɗauka. Gwaninta kam ba a magana. To amma a irin waɗannan wurare, ita ke cusa maganarta cikin gurbin da hoto ya bar mata. Mai kallo kan shagala da tambayar ko za ta dace da lokaci, har ya mance da halin da Dorian ke ciki.

4.0 Kammalawa

Kowa ya san cewa a kiɗan fada 'yan amshi ke sauraron makaɗi. In ya ƙara ɗa a waƙa don ganin wani basarake ya shigo, su jira shi. Wannan matsayi na ɗan amshi shi ya dace da bidiyo. Saboda haka muna ba malaman da ke shirya wasa da ɗalibansu shawarar su gajarta gunduwoyi, su yawaita wuraren danna maɓalli, su kuma horar da mai dannawa tamkar ɗan wasa. Ran da ɗan wasa ya koma yi wa na'ura amshi, abin da aka kalla silima ce, ba wasan dandali ba.