Mai Hikima a Ƙofar Azzalumi: Wata Al'adar Rubutu ta Girkawan Dā

Aristotal ya kawo wani labari a littafinsa na balaga. Matar Hiyero, mai mulkin birnin Sirakus a tsibirin Sisili, ta tambayi mawaƙi Simonides wanne ya fi tsakanin dukiya da hikima. Ya ce mata dukiya, domin shi dai masu hikima yake gani suna zaman jira a ƙofar masu kuɗi. An san Simonides da son abin duniya, saboda haka amsar tasa ba ta rasa zolaya. Duk da haka ta tsaya wa masanan Girka a rai. Aflatun ya taɓo ta a littafinsa Jamhuriya ba tare da kama suna ba, ya ce mai ita ƙarya ya yi, ai mara lafiya ne ke zuwa ƙofar likita. Sai ga shi Aflatun ɗin da kansa ya hau jirgin ruwa har sau uku zuwa wannan Sirakus.

Daga wannan zuwa da dawowa ne wani salon rubutu ya tsiro: a haɗa mai ilimi da wanda ya ƙwaci mulki da ƙarfi, a bar su su yi magana. Herodotus ya haɗa Solon da Kirisus, sarkin Lidiya mai tarin zinariya, ko da yake masana tarihi na ganin shekarun mutanen biyu da kyar suke haɗuwa. Zenofon ya haɗa Simonides da Hiyero. Kusan duk inda aka yi irin wannan zama, hirar takan fara da jin daɗi da farin ciki, ta gangaro kan tambayar da ta fi ci wa Girkawa tuwo a ƙwarya: gonar wa, kuɗin wa, kuma wa ke da ikon taɓa su.

Dalilin haka yana cikin tarihinsu. (Duk shekarun da za a ambata kafin haihuwar Annabi Isa ne.) Masu mulkin kama-karya na Girka galibi daga rikicin ƙasar noma da bashi suka fito. A Atina, wajen shekarar 594, manoma sun nutse cikin bashi har ana sayar da wasu bayi. Aka ba Solon wuƙa da nama ya gyara. Ya yafe basussuka, ya tumɓuke duwatsun jingina da aka kakkafa a gonaki, ya hana a bautar da ɗan gari saboda bashi. Amma ya ƙi raba ƙasa daidai wa daida kamar yadda talakawa suka so, ya kuma ƙi zama mai mulki shi kaɗai duk da abokai sun zuga shi, ya bar garin shekara goma. Abin da ya ƙi ɗauka Pisistiratus ya ɗauka. Shi kuwa, bayan an kore shi sau biyu, ya zauna daram daga 546 har mutuwarsa a 527, yana ba ƙananan manoma rance, yana karɓar haraji daga amfanin gona, kuma mutane da yawa sun tuna zamaninsa da alheri. Wannan ya sa matsalar ta yi wa masanan wuya. Da kowane mai ƙwace mugu ne, da magana ta ƙare.

Littafin Zenofon mai suna Hiyero shi ne ya fi fito da salon fili, ga shi ɗan ƙarami, babi 11 kacal. Hiyero na gaske ya mulki Sirakus daga 478 zuwa 467, tun kafin a haifi Zenofon, don haka hirar ƙirƙira ce. Simonides ya buɗe da tambaya kamar bai san komai ba: tunda ka ɗanɗani zaman talaka ka kuma ɗanɗani mulki, wanne ya fi daɗi? Daga nan har babi na 7 Hiyero ne ke kuka. Ba ya iya zuwa kallon bukukuwa a wasu garuruwa don tsoron a kashe shi a hanya ko a ƙwace kujerar kafin ya dawo. Yabon da ake masa ba ya ratsa shi, domin ya san na dole ne. Abinci sai wani ya fara ɗanɗanawa. Nagartattun mutanen gari ya san su sarai, amma su ne yake tsoro, sai ya kawar da su ya zauna da 'yan iska. Kan dukiya kuma ya ce shi ne matalauci, tunda talauci ana auna shi ne da buƙata, shi kuwa buƙatarsa ba ta da iyaka: sojojin haya suna jiran albashi kullum, dole ya washe ɗakunan bauta da gidajen mutane. Da Simonides ya ce to me zai hana ka sauka, sai ya ce ina zai samo abin biyan waɗanda ya ƙwace wa, da me kuma zai fanshi rayukan da ya kashe? Har ya ce idan akwai wanda rataye kansa zai amfana, to shi ne.

Sai bayan azzalumi ya zagi zalunci da bakinsa ne mawaƙin ya fara ba da shawara. Ka bar wa wasu aikin hukunci, kai ka riƙa raba kyauta. Ka sa gasa tsakanin ƙauyuka a kan noma. Sojojin hayar nan su tsare gonakin mutane da dabbobinsu, ba kai kaɗai ba. Ka kashe kuɗin aljihunka wajen ganuwa da kasuwa da tashar jiragen ruwa, ka ɗauki garin kamar gandunka. Littafin ya ƙare ba a ji amsar Hiyero ba.

Gwanintar a bayyane take, kuma a nan ne nake ganin raunin salon duka. Simonides bai taɓa ce wa Hiyero ka yi adalci domin adalci ne ba. Bai ce a dawo da doka ba, bai ce a mayar wa kowa abinsa ba. Hujjarsa guda ce: za a so ka, za ka yi barci. Wanda ya saba da nasihar malamai ga sarakuna, irin wadda Al-Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, zai ga bambancin nan take. Al-Magili yana da shari'ar da ke bisa kansa da kan sarkin, ita yake nunawa. Simonides yana gaban mutumin da ba wata doka a samansa, saboda haka ba shi da igiyar ja sai son ran mutumin. Shawarar da aka gina a kan son rai kuwa, mai mulki na iya ɗaukar rabin da ya yi masa, ya raba kyauta da rana, ya aika a kama mutane da dare.

Aflatun ya so ya toshe wannan ƙofa tun daga tushe. A Jamhuriya ya zana yadda azzalumi ke fitowa: yakan fara a matsayin gatan talakawa, ya yi alkawarin yafe bashi da raba gonaki, ya nemi a ba shi masu gadi, sannan ya riƙa tono yaƙe-yaƙe don mutane su ci gaba da buƙatar jagora, haraji kuma ya hana su sakat. Maganinsa shi ne a raba mulki da mallaka kwata-kwata. Masu tsaron birni ba gida na kansu, ba gona, ko taɓa zinariya da azurfa ba za su yi ba. Har lissafi ya yi, rabi da gaske rabi da wasa, cewa rayuwar sarki mai hikima ta fi ta azzalumi daɗi sau 729. Amma kwaɗayin gajeriyar hanya bai sake shi ba. A Dokoki, littafin tsufansa, ya ce hanya mafi sauri ta gyara gari ita ce a samu matashin mai mulkin kama-karya mai kamun kai, a haɗa shi da gwanin tsara doka.

Ya gwada. Bayan mutuwar Diyonisiyus na farko, mai mulkin Sirakus, a 367, Diyon, abokin Aflatun, ya kira shi ya zo ya tarbiyyantar da ɗan marigayin da ya gaji mulki. Ba a daɗe ba matashin ya kori Diyon daga ƙasar. Da Aflatun ya koma a 361, abin da ya cinye zaman shi ne jayayya kan dukiyar Diyon, wadda a ƙarshe aka sayar, aka kuma aurar da matarsa ga wani. Sai da wani Arkitas, mutumin Tarentum, ya aiko da jirgi kafin Aflatun ya samu fita. Diyon ya dawo da mayaƙa a 357, ya karɓi garin, a 354 kuma aka kashe shi da makircin Kalifus, abokinsa ɗan Atina. Yawancin labarin daga Wasiƙa ta Bakwai yake, wadda har yau ana gardamar ko Aflatun ne ya rubuta ta.

Aristotal bai yarda da hana mallaka ba. Ya ce abin da kowa ya mallaka shi ne ba wanda ke kula da shi, kuma ba a yin kyauta sai da abin hannu. Gara kowa ya riƙe nasa, a koya wa mutane amfana tare. Game da azzalumi kuwa, a kashi na biyar na littafin Siyasa ya jera hanyoyi biyu na daɗewa a kan mulki, cikin sanyin murya irin ta likita. Ta farko: a sare duk wanda ya yi tsawo, a hana cin abinci tare da ƙungiyoyi da zaman karatu, a baza 'yan leƙen asiri (ya ba da misali da masu kasa kunne na Hiyero), a talauta mutane da manyan gine-gine irin dalar Masar. Ya ce a zamanin Diyonisiyus, cikin shekara biyar mutanen Sirakus sun biya harajin da ya kai dukan abin da suka mallaka. Ta biyu: ya yi kamar wakili ne mai riƙon amana, ya riƙa bayyana abin da ya shiga da abin da ya fita, ya ɗauke hannu daga dukiyar mutane da matansu. Ya yi fatan mai yin haka ya zama rabin mutumin kirki. Wannan Simonides ne aka sake wa riga, sai dai Aristotal ya fi shi gaskiya, tunda bai ɓoye cewa kwaikwayo yake koyarwa ba.

Muryar da ba a ji a duk waɗannan littattafai ita ce ta wanda aka ƙwace wa. Sai an fita daga falsafa an shiga kotu ake samun ta. Hirar Jamhuriya a gidan Folimarkus aka yi ta, ɗan wani attajiri Kefalus, wanda shi ma asalinsa ɗan Sirakus ne da ya zauna a Atina. A 404 Azzalumai Talatin suka karɓi Atina, cikin jagororinsu har da Kiritiyas, ɗan'uwan Aflatun. Suna buƙatar kuɗi, sai suka zaɓi baƙi goma mazauna gari, suka sa matalauta biyu a ciki don kada a ce dukiya suke bi. Aka ba Folimarkus guba ya sha ba tare da shari'a ba. Ƙanensa Lisiyas ya tsere, daga baya ya tsaya gaban alƙalai ya lissafa abin da aka kwashe: garkuwa 700 daga masana'antarsu, azurfa da zinariya, har 'yan kunnen matar yayansa. Gidaje uku gare su, amma a rumfar haya aka shirya gawar. Aflatun ya rubuta Jamhuriya bayan duk wannan ya faru, masu karatunsa na farko sun san makomar mai gidan, shi kuwa bai ambata ba ko sau ɗaya.

Cikin lissafin Lisiyas akwai kuma bayi 120, an jera su tare da tagulla da kayan ɗaki. Da Aristotal ya zo bayyana laifin azzalumi, cewa ya yi yana mulkin 'yantattu kamar yadda ubangida ke mulkin bayinsa. Mulkin ubangidan kansa kuwa, a farkon wannan littafi na Siyasa ya riga ya kare shi, ya ce wasu mutane bayi ne tun daga halitta.