Mawaƙin Fada Da Mai Wasan Kwabo

Ku yaran makaranta, yau za mu ɗora mutum biyu bisa ma'auni. Dukansu Turawan Ingila ne na zamanin Sarauniya Alizabet ta Ɗaya, wadda ta yi sarauta daga 1558 zuwa 1603.

Na fari Edman Sifensa. A 1590 ya fito da doguwar waƙa ta labarin wata sarauniyar aljanu, amma kowa ya san Alizabet yake wasawa. Ta kuwa yanka masa fam 50 kowace shekara. Waƙar tana da daɗin kalmomi, ba mu musu. Sai dai jarumawansa ba su yi kama da mutane ba. Wannan shi ne Tsarki, wancan shi ne Adalci, kamar an rataya wa kowa allo a wuya. Yau, ban da manyan malamai, kaɗan ne ke kai ƙarshenta.

Na biyu Wiliyam Shakisfiya, ɗan mai ɗinkin safar hannu. A 1599 shi da abokansa suka gina gidan wasa a bakin kogin Landan, inda talaka ke biyan kwabo ɗaya ya yi kallo a tsaye. Mai kwabo kuwa ba ya kara. In wasa bai yi daɗi ba, gobe ba ya dawowa.

Ku duba wasansa na attajirin Banis. Shailok, Bayahude mai ba da bashi da ruwa, ya ranta kuɗi bisa sharaɗin in an kasa biya ya yanki laba ɗaya ta naman attajirin. Mugu ne, amma Shakisfiya ya bar shi ya faɗi yadda aka tofa masa yawu aka kira shi kare, har mai kallo ya rasa ko ƙinsa zai yi ko tausayinsa. Gwanintar ke nan. Duk da haka muna da ƙorafi. A ƙarshe an tilasta wa Shailok barin addininsa, aka kira wannan rahama. Mu kam ba mu ga rahama a nan ba.

To, mu dawo gida. A Dutsen Mesa na Birnin Kudu akwai zanen shanu da wasu mutanen dā suka yi a jikin dutse. Ba mu san sunansu ba, ba mu san sarkin zamaninsu ba, amma ga shanun nan har yanzu. Abin da suka sani suka zana.

Saboda haka, in malam ya ce ku yi rubutu, kada ku ce sai labarin fada. Ku rubuta mai bin bashi na kasuwarku, ku kuma bar shi ya faɗi nasa. Yabo yana bin mai shi kabari, amma halin ɗan Adam ba ya tsufa. Allah ya sa mu dace.