Jarumi da Jagora a Labarin Yaƙi na Hausa

Adabin Hausa ya daɗe da sanin yaƙi. Akwai kirarin barade, akwai waƙoƙin makaɗan fada, akwai kuma labaran da tsofaffi suka gada a garuruwan kudancin Kano irin su Bebeji da Kiru da Tudun Wada har zuwa duwatsun Riruwai a ƙasar Doguwa, inda mutane suka rayu cikin fargabar harin Ningawa a rabi na biyu na ƙarni na 19. Duk wanda ya saurari wannan gado zai ga idonsa a kan mabiyi yake: wa ya tsaya, wa ya ja da baya, wa ya faɗi a bakin ƙofa. Shawarar wanda ya tura shi kuwa, da wuya a tsaya a auna ta. Wannan giɓi ne babba, domin rayukan da ake yabo sun salwanta ne a kan umarnin wani.

Littafin Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, wanda ya fito a 1934 bayan gasar rubutu ta 1933, shi ne ya ɗauko wannan al'ada daga baka zuwa takarda. Ganɗoki mayaƙi ne da ke ba yara labarin gwabzawarsa da Turawa tun daga ƙasar Kwantagora. Harshensa na kirari ne, ƙarfinsa ya wuce hankali, biyayyarsa ga sarakuna ba ta da tangarɗa. Da aka sha kashi, marubucin ya kai shi duniyar aljanu, sannan ya dawo da shi ya tarar da sabon zamani, yana yabon zamanin. Wato a daidai wurin da ya kamata a tambayi dalilin shan kashin, nan labarin ya kauce. Marubutan Turai da suka rayu cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya sun bi wata hanya dabam. Littafin Erich Maria Remarque na 1929 ya tsaya ne a kan samarin Jamus da malamansu suka zuga zuwa fagen fama, ya bar mai karatu yana tuhumar manyan da suka tura su.

Tarihin Kano na 1903 yana ɗauke da irin wannan tambaya a fili. A ƙarshen Janairu rundunar Turawa ta Kanar Morland ta taso daga Zariya da sojoji sama da 700. Bebeji ta rufe ƙofa ta ƙi sallamawa. Harsashin igwa ya fasa ƙofar, ya kashe sarkin garin da wasu manyansa da ke bayanta, kuma garuruwan da ke gaba ba su yi yaƙi ba. Ranar 3 ga Fabrairu Kano ta faɗi, Sarkin Shanu ya mutu yana tsaron gidan sarki. A duk wannan lokaci Sarkin Kano Alu Babba yana can wajen Sakkwato da manyan mayaƙansa. A kan hanyar dawowa ya rabu da rundunar da dare. Waziri Ahmadu ya zaɓi yaƙi, ya yi shahada a Kwatarkwashi. Wambai Abbas ya juyo da jama'a Kano, daga baya ya zama sarki. Ga amana ɗaya, ga zaɓi kusan huɗu. A ɗaya gefen ganuwar Bebeji kuma, sojojin da suka harba bindiga baƙaƙen fata ne, da yawansu masu jin Hausa, suna cika umarnin hafsoshin Ingila a kan garin Musulmi. Biyayya ce ta tsai da na ciki, ita ce kuma ta kawo na waje, amma labarin yaƙi na gargajiya na cikin kaɗai yake gani.

Za a iya cewa rashin adalci ne a nemi wannan daga Bello Kagara, wanda ya yi rubutu ƙarƙashin idon Turawan mulki, don ɗaliban makaranta. Wannan uzuri ne mai ƙarfi, amma na mutum ɗaya ne a zamani ɗaya. Ko Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, da ya fito a 1982 bayan yaƙin basasar Nijeriya, ya fi mai da hankali ga ɓarnar da tsohon mayaƙi ke yi da makami fiye da hisabin masu ba da umarni.

Za a kuma ce runduna ba ta tsayuwa sai da biyayya, kuma tuhumar jagora raini ne ga waɗanda suka ba da ransu. Gaskiya ne mayaƙin da ke jayayya a tsakiyar fama yana jefa 'yan'uwansa cikin halaka. Sai dai gwargwadon cikar biyayyar na ƙasa, gwargwadon nauyin da ke kan na sama. Malaman daular Usmaniyya ma ba su ɗauki wannan tambaya a matsayin haram ba. Bayan faɗuwar Sakkwato a Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira har aka kashe shi a Burmi a watan Yuli, Waziri Buhari kuwa ya zauna, ya rubuta wa malamai risala yana kawo hujjojin zamansa. Kowannensu ya san ana binsa bashin bayani. Haka masu ganin tafiyar Alu Babba hijira ce da masu ganinta gudu, duka suna auna shi ne da ma'aunin amanar da ke wuyansa.

Saboda haka marubucin Hausa da zai rubuta labarin yaƙi yau yana da tushe a gida. Zai iya shiga zuciyar mai tsaron ƙofar Bebeji da ta sojan da ya harbe shi, ya kuma zaunar da sarki da hafsa su amsa tambaya. Yaran Kiru da Tudun Wada da ke shiga aikin soja a yau sun cancanci adabin da zai girmama jaruntarsu, ya kuma koya wa masu ba su umarni cewa za a tambaye su.